An Sa Injin, Saura Hanyar Hayaƙi

Duk wanda yake ƙona data a YouTube wajen kallon masu sauya wa mota injin ya san yadda bidiyon yake tafiya. A rataye ƙaton injin a sarƙa, a zura shi cikin ƙaramar mota, a tafa, sai kawai ka ga an nuno motar tana ruri a fagen tsere. Abin da ba a cika nuna maka ba shi ne makonnin da aka kwashe a kwance ƙarƙashin motar, ana neman inda hayaƙi zai bi ya fita. Ɗaura injin a mazauninsa aiki ne, amma ainihin ciwon kan yana wajen bututan da ke fitowa daga kan injin, waɗanda bakanikenmu ke kira manifol, masu tsere kuma ke ce wa heda. 'Yan Mekanikal da 'yan Otomobil, ku gyara zama, domin a nan ne darasin zafi da matsin iska da muke kuka da shi a aji yake haɗuwa da walda.

Bari mu ɗauki misali ɗaya da ya shahara a Amurka. A samu BMW E36, wato 3 Series ɗin da aka ƙera daga 1990 zuwa wajen 2000, a cire injinta mai silinda shida, a sa mata V8 na kamfanin General Motors daga dangin da ake kira LS. Na farko a dangin, LS1, ya fito a 1997 cikin Chevrolet Corvette: lita 5.7, jikinsa na alminiyam, ƙarfin doki 345. Ita kuwa 328i, ɗaya daga cikin masu ƙarfin E36, dokinta bai wuce wajen 190 ba. Ƙannen LS1 masu lita 4.8, 5.3 da 6.0 sun cika wuraren sayar da gwangwanin mota a can, saboda su ne a cikin manyan motoci irin su Silverado da Tahoe. Ga arha ga ƙarfi, kuma injin ba shi da faɗi sosai idan aka kwatanta da sauran masu silinda takwas. Shi ya sa matasa masu zuwa fagen tsere a ƙarshen mako suke rububinsa.

To amma duba yadda aka tsara cikin bonet ɗin E36 tun asali. Silinda shida ɗin nan a jere suke, layi ɗaya, an ɗan kishingiɗar da injin zuwa dama. Iska tana shiga ta hagu, hayaƙi yana fita ta dama. A motar da sitiyarinta ke hagu, sandar sitiyari, baƙar gangar nan da ke ƙara wa burki ƙarfi tare da mastarta, famfon ABS da bututan fetur duk suna zaune lafiya a gefen hagu, gefen da babu wuta. V8 kuwa ta tsakiya yake shaƙar iska, ya fitar da hayaƙi ta gefe biyu, huɗu hagu huɗu dama. Kana saukar da shi a ciki sai ka ga ƙofofin hayaƙi huɗu sun zuba wa sandar sitiyari ido. Gefen dama ma bai tsira ba: a can sitata take, da sandar auna baƙin mai. Kuma a kowane gefe, fulogi da gajerun wayoyinsu suna nan daf da ƙofofin hayaƙin.

Wani abu da ya shafe mu a nan: tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, kamar na Amurka da Jamus. A Ingila, Japan da Ostiraliya sitiyari a dama yake, don haka a wajensu sandar sitiyari da sitata gefe ɗaya suke cunkushewa. Hedar da aka lanƙwasa don motar Ingila ba za ta shiga motar da ke da sitiyari a hagu ba, ko da injin ɗaya ne, bodi ɗaya.

Me bututun yake yi ban da fitar da hayaƙi?

Wani zai ce, to a bar manifol ɗin da ya zo da injin mana. Wani lokaci ana yin haka. Sai dai an zuba shi ne da narkakken ƙarfe don ya dace da cikin wata motar daban, bakinsa yana iya fuskantar shasi ko sitiyari kai tsaye, ga nauyi, kuma yana haɗa hayaƙin silinda huɗu wuri ɗaya tun kafin su yi nisa, su riƙa ture juna. Heda kuwa kowace silinda tana da nata reshen bututu, rassan huɗu su yi tafiya mai ɗan nisa sannan su taru a mahaɗa guda.

Dalilin wannan tsari yana da daɗin fahimta. Idan bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, iskar da ke cikin silinda tana da matsi mai yawa, sai ta fita da ƙarfi kamar an fasa balan-balan. Wannan bugun yana gudu cikin bututu da saurin sauti, kuma a cikin iska mai zafi irin wannan saurin sauti yakan kai mita 500 zuwa 600 a daƙiƙa, ba 340 ɗin da muka haddace a sakandare ba. Da bugun ya isa mahaɗa, inda wuri ya buɗe farat ɗaya, sai wani ɓangarensa ya juyo baya kamar amsa-kuwwa, amma a juye: ya tafi yana turi, ya dawo yana zuƙa. A ƙarshen fitar hayaƙi akwai ɗan lokacin da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska kuma ya fara buɗewa. Idan zuƙar nan ta iso a daidai wannan lokacin, za ta janye ragowar hayaƙin da ya maƙale, ta kuma ja sabuwar iska ciki. Silinda ta cika sosai, ƙarfi ya ƙaru, ba tare da an ƙara wa injin komai ba sai tsawon bututu.

Ku ɗauko kalkuleta. A ce reshe yana da tsawon santimita 80. Zuwa da dawowa mita 1.6 ke nan. A saurin mita 550 a daƙiƙa, tafiyar za ta ɗauki kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Injin da ke juyi 6000 a minti yana juya karanshaf digiri 36,000 a daƙiƙa, wato kafin bugun ya dawo karanshaf ya yi kusan digiri 105. A juyi 3000 kuwa digiri 52 kawai zai yi. Ka ga ke nan tsawon bututu shi ke zaɓar a wane gudu ne injin zai fi samun wannan taimako. Dogon reshe yana taimaka wa ƙasa da tsakiyar juyi, gajere yana taimaka wa sama. Faɗi ma haka: a LS an fi amfani da inci 1¾ ko 1⅞, mahaɗa inci 3. Wanda ya sa bututu mai faɗi fiye da kima don yana ganin girma shi ne ƙarfi, iskar za ta rage gudu a ciki, motar ta yi nauyin tashi idan ta fito daga kwana.

Daga nan ne aka samo maganar da kowa ke maimaitawa, cewa dole rassan duka su zama tsawo ɗaya. A takarda gaskiya ne. Amma mu sake lissafi. Idan wani reshe ya fi ɗan uwansa da santimita 5, zuwa da dawowa santimita 10 ne, a juyi 6000 bambancin bai kai digiri 7 ba. Bugun kansa ba tsinin allura ba ne, yana da faɗi, yana ɗaukar digiri masu yawa kafin ya wuce. Don haka asarar kaɗan ce. A ganina, mutumin da ya ƙara wa bututu lanƙwasa biyu masu kaifi, ya kuma matso da shi jikin bututun burki, duk don ya cike santimita 5 ɗin nan, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai ma wani dalilin da ya sa V8 irin wannan ba ya samun cikakkiyar ribar daidaiton tsawo. LS yana tashin silindoji a jerin 1-8-7-2-6-5-4-3, tsakanin kowace da mai bi mata digiri 90. Masu lamba 1, 3, 5, 7 suna hagu, 2, 4, 6, 8 suna dama. Bi jerin ka gani. A hagu, 1 ta tashi, sai 7 bayan digiri 180, sai 5 bayan 270, sai 3 bayan 180, sai kuma 1 bayan 90 kacal. A dama ma 2 da 6 suna bin juna da digiri 90. Wato a kowace mahaɗa akwai lokacin da bugu biyu suke cin karo, da lokacin da wuri yake zama shiru. Wannan rashin daidaiton ne yake ba V8 na Amurka gurnaninsa da ake jin daɗi. Ford GT40, wadda ta ci gasar Le Mans a Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, ta magance abin ta hanyar tsallakar da rassa biyu daga kowane gefe zuwa mahaɗar ɗaya gefen, har bututan suka zama kamar tarin macizai. Amma ita injinta a bayan direba yake, akwai fili a saman giyabos. A E36 babu wannan filin. Abin da ake yi shi ne a haɗa manyan bututan biyu a ƙarƙashin mota da gada mai siffar H ko X, su ɗan raba nauyin.

Wa zai matsa wa wani?

Wanda ya iya aikin ba daga bututu yake farawa ba. Yana farawa ne da tambayar: mene ne ba ya motsuwa? Shasi ba ya motsuwa. Giyabos yana inda yake. Sandar sitiyari dole ta tashi daga bangon da ke gaban direba ta isa ga rak, kodayake ana iya rage mata ƙiba: masu wannan aikin sukan cire robar da ke haɗa sandar ta asali, wadda ga faɗi ga rashin jure zafi, su sa siririyar sanda mai gaɓoɓin ƙarfe. Famfon ABS sau da yawa akan ɗauke shi a kai wani wuri. Wayoyi, bututun fetur da na man kuloci duk ana iya sake musu hanya. Sai an gama wannan rabon gado tukuna ake sanin ramin da ya rage wa hayaƙi.

Sannan a tuna injin ba a kafe yake ba, a kan roba yake zaune. Idan direba ya taka totur, injin yana murɗawa, gefen hagu ya ɗaga sama. Gefen hagu kuwa shi ne gefen sandar sitiyari. Tazarar da ka auna mota na tsaye a gareji, ba ita ce za ta kasance ba lokacin da aka fito daga kwana da giya ta biyu, totur a ƙasa. Bututu ya taɓa sandar sitiyari a wannan lokacin, sitiyarin ya ɗan cije a hannun direba na ƙiftawar ido, kuma a fagen tsere ƙiftawar ido ta isa mota ta bar kwalta. Shi ya sa ake barin aƙalla faɗin yatsa a ko'ina, fiye da haka a kusa da sitiyari, a kuma sa wa injin mazauni mai tauri wanda ba ya barinsa rawa.

Kafin a yanka ƙarfe mai tsada, akan yi gwaji da abu mai arha: bututun roba irin na famfo, ko waya mai kauri, ko 'yan guntayen roba masu shiga juna da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Masu hali suna ɗaukar hoton cikin bonet da na'urar auna siffa su zana komai a kwamfuta. Ka'idar da aka fi bi ita ce a fara da reshen da ya fi wahala, galibi na silindar baya da ke maƙale tsakanin bango da sitiyari, sauran su bi sawunsa. Kuma kowane reshe ya ɗan miƙe daga bakin injin kafin ya lanƙwasa, domin a nan iska ta fi gudu, kwana mai kaifi a nan ta fi kowace tsada.

Tambayoyi biyu kuma da ake mantawa sai an gama walda: sifana za ta shiga ta kwance fulogi? Hedar kanta za ta fita ba tare da an ɗaga injin ba? Motar tsere kullum cikin kwancewa da ɗaurawa take. Idan canza sitata yana buƙatar a sauke rabin injin, ranar tsere ta tafi a banza, kuɗin shiga fage kuma ba a mayarwa.

Zafi

Nan ne motar tsere ta bambanta da motar zuwa kasuwa. A cikin gari kana taka totur daƙiƙa biyar ka saki. A fage ana yin minti 20 ko 30 ana takawa har ƙasa a kowane miƙaƙƙen wuri. Hayaƙin yakan kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Selshiyos, bututan su yi jajir. Kuma zafin da ƙarfe ke watsawa ba a hankali yake ƙaruwa ba. Ku tuna dokar Stefan da Boltzmann: yana tafiya da ma'aunin Kelbin ninki huɗu. Bututun da ya tashi daga digiri 400 zuwa 800 ba ninki biyu yake watsawa ba, ya haura ninki shida.

Yanzu ka ajiye bututun man burki kusa da wannan. Man burki na DOT 4, ƙa'ida ta ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya tsufa ya sha danshi iyakar tana sauka zuwa 155. Da ma burki a fagen tsere yana dafa mansa da kansa. Ka ƙara masa wutar heda, man ya tafasa, ya zama tururi. Ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, don haka direba zai taka burki a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. Fetur kuma ba sai an yi bayani ba. Ƙananan ɓarna su ne sitata ta ƙi juyawa idan ta yi zafi, robar kan fulogi ta ƙone injin ya fara tari, kuloci ya daina kamawa, takalmin direba ya yi laushi saboda mahaɗar hagu tana ƙarƙashin ƙafarsa.

Maganin farko tazara ce. Na biyu, farantin alminiyam siriri a tsakani, da iska a gabansa da bayansa. Idan ya manne da bututun ko da abin da ake karewa, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Akwai kuma fentin yumɓu da ake gasawa a jikin bututu, da ƙyallen zaren gilashi da ake naɗewa. Ƙyallen yana rage zafin cikin bonet, ba shakka, amma yana tsare zafin a jikin ƙarfen, yana riƙe danshi, bututun baƙin ƙarfe ya yi saurin ruɓewa. Idan kuma baƙin mai ya zuba ya jiƙa shi, ya zama lagwani. Ni dai na fi yarda da faranti da tazara.

Zafi yana kuma miƙar da ƙarfe. Sitenles mai lamba 304, wanda aka fi yin heda da shi, yana ƙaruwa da kusan kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri. Reshe mai santimita 80 da ya ƙara digiri 600 zai ƙaru da kusan milimita 8. Baƙin ƙarfe zai yi wajen 6. Idan ka ɗaure salansa kam a jikin bodi, wannan milimita 8 ɗin sai ta nemi wurin zuwa, kuma a bakin walda take samunsa, ta tsage. Don haka ake sa gaɓa mai lanƙwasuwa ko bututu mai zamewa cikin wani bayan mahaɗa, a rataye sauran a kan roba. Masu kuɗi suna sayen 321, wanda aka sa wa ɗan titaniyam don ya jure zafi, 'yan Formula 1 kuma suna amfani da Inconel. Farantin da ke manne da kan injin yakan kai kaurin milimita 10 don kada walda ta banƙare shi gaskit ya riƙa yoyo.

Lanƙwasa ma tana da nata sharaɗin. Injin lanƙwasa na gama-gari yana matse cikin kwana, bututu mai inci 1¾ ya koma ƙasa da haka a daidai inda ake buƙatar faɗinsa. Na kirki yana zura wani ƙarfe a ciki yayin lanƙwasawa don ramin ya zauna da'ira. Dabarar da masu waldarmu suka sani, ta cika bututu da busasshen yashi a toshe a gasa sannan a lanƙwasa, manufarta ɗaya ce da wannan. A dai tabbata yashin ya bushe sarai, domin danshi a rufaffen bututu mai zafi fashewa yake. Wasu kuma suna yanka bututu 'yan guntaye masu kusurwa su harhaɗa kwana da walda. Sitenles yana son waldar TIG, kuma a cika cikin bututun da iskar agon lokacin aikin, in ba haka ba bayan waldar ta ciki zai yi ƙuraje baƙi ƙirin, wurin ya zama shi ne farkon tsagewa.

A ƙarƙashin mota matsalar tsawo ce. Motar tsere an sauke ta ƙasa, kuma direbobi suna hawa dakalin gefen kwana da gangan don su rage hanya. Mahaɗa ko bututun da ya leƙo ƙasa da shasi, dakali zai daka shi, kuma girgizar tana komawa har kusoshin kan injin. Inda wuri ya ƙure akan yi amfani da bututu mai siffar ƙwai. Sensar iskar oksijin tana zama bayan mahaɗa don ta shinshini duk silinda huɗu, a karkace sama da aƙalla digiri 10 don kada ruwan raɓa ya taru a bakinta. Ɗan yoyo a gabanta yana zuƙo iskar waje, sensar ta gaya wa kwamfutar injin cewa fetur ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa. Yoyon yana kuma iya shigar da iskar kabon monoksaid cikin mota, wadda ba ta da wari, direba ya fara jin jiri yana tsakiyar gudu. Bakin salansa ma sai an yi tunanin inda zai kalla: fagen Laguna Seca da ke Kalifoniya yana da ranakun da ba a yarda ƙara ta wuce desibel 90 ba, har masu motoci suna ɗaura ɗan gwiwar bututu da ke juyar da ƙarar nesa da wurin awo.

Bayan an ɗaura komai, akwai gwaji mai sauƙi da ko a wokshof ɗin makaranta za a iya yi. A manna ɗan curin yumɓu ko a shafa alli a wuraren da ake zargi, a ɗaga gaban mota a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a sa dogon ƙarfe a girgiza injin a kan mazauninsa, a duba inda aka samu shaida. Sannan a yi zagaye biyu ko uku a hankali, a dawo, a haska na'urar auna zafi a kan bututun burki, na fetur, sitata da robar fulogi. Idan injin ya huce a sake ɗaure notocin farantin heda, domin zafin farko yakan sassauta su.